Ƙananan tocilolin zoben makulli: wacce ta fi haska lungu, wacce ta fi daɗin aiki a ɗaka?

Mai Kemis:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Makonni biyu da suka wuce ƙanena ya aiko mini da ƙananan tociloli guda biyu, irin waɗanda ake maƙalawa a zoben makulli, domin ya ga irin wahalar da nake sha wajen rufe shago bayan isha'i idan an ɗauke wuta: ga ƙofar ƙarfe, ga kwaɗo uku, hannu ɗaya kuma yana riƙe da waya ina haskawa. Ta farko ita ce Olight i3E EOS, mai cin batir ɗaya na AAA irin na rimot, tsawonta kimanin santimita 6. Murɗa kanta ake yi ta kama, a sassauta ta mutu, kuma haskenta mataki ɗaya ne, lumen 90 (lumen shi ne ma'aunin yawan haske). Ta biyu Nitecore TINI 2 ce, mai faɗi kamar makullin motar zamani, tana da ƙwai biyu a gaba, da maɓallai biyu, da ɗan allo mai nuna matakin haske da sauran lokacin da batir zai kai. Ana yi mata caji da igiyar USB-C, kuma tana tashi daga lumen 1 har zuwa 500. Na haɗa su da wata da na saya a kasuwa bara, wadda ba ta da sunan kamfani, amma an rubuta lumen 1000 a jikin kwalinta.

Daren jiya na jera su a tsakar gida na haska farin bango daga nisan taku uku. Ita i3E ta zana da'ira mai haske a tsakiya, wadda take dusashewa a hankali zuwa gefe, babu zobe babu tabo. TINI 2 a mataki na lumen 200 ta fi faɗi, ta kuma fi fari, kuma duk da ƙwanta biyu ne, haskensu ya haɗe wuri ɗaya, ba ka ganin rabuwarsu. Ta kasuwa kuwa tsakiyarta shuɗi-shuɗi ce mai kashe ido, da wani baƙin zobe kewaye da ita, kuma kafin in gama zagaya gida ta fara dishi-dishi. Daga nan na fita lungu na auna darbejiyar da ke bakin masallacinmu, wajen taku arba'in daga ƙofata. Da i3E na ga gindin bishiyar da bencin da ke ƙarƙashinta, amma ba zan iya shaida fuskar wanda ke zaune ba. Da na danne maɓallin TINI 2 ta kai ƙarshen ƙarfinta, sai ga ganye da katangar da ke bayan bishiyar duk sun fito.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a idona mai 500 ba ta ninka mai 90 sau biyar ba, iyakaci in ce ta ninka ta sau biyu da 'yan kai. Na kuma ɗauki hotuna da waya don in turo muku, sai duka ukun suka fito kusan iri ɗaya. Ina neman masu sani su warware mini waɗannan abubuwa biyu.

Malamin Fiziya:
Wa alaikumus salam, Malam. Idonka bai yaudare ka ba. Ido ba ya ƙirga haske yadda na'ura take ƙirgawa, kuma masu wannan harka sun saba cewa sai ka ninka lumen kusan sau huɗu kafin ido ya ji an ninka haske sau biyu. Saboda haka tsakanin 90 da 500, abin da ka gani shi ne daidai.

Amma akwai wani abu da ya fi wannan muhimmanci, wanda 'yan kasuwa ba sa son tsayawa a kansa. Lumen jimillar hasken da ke fitowa daga bakin tocila ne ta kowace fuska, kamar yawan ruwan da ke fita daga mesa. Kandela kuwa ƙarfin hasken ne a tsakiyar inda aka auna, kamar yadda ruwan yake tsartuwa da nisa idan ka matse bakin mesar da babban yatsa, alhali yawansa bai ƙaru ba. Nisan da tocila take kaiwa a kan kandela ya dogara. Kamfanin Olight ya rubuta wa i3E kandela 500 da nisan mita 44, Nitecore kuma ya rubuta wa TINI 2 kandela 2000 da nisan mita 89. Ka ga an ninka kandela sau huɗu, nisa ya ninku sau biyu kacal, domin haske yana raguwa da murabba'in nisa: abin da ke mita 10 yana samun kashi ɗaya cikin huɗu ne na hasken da abin da ke mita 5 yake samu.

Waɗannan alƙaluma suna bin wani ma'auni da ake kira FL1, wanda aka fitar a Amurka a 2009. A ƙarƙashinsa, nisan da ake rubutawa shi ne inda hasken ya sauka zuwa luks 0.25 (luks shi ne ma'aunin hasken da ke sauka a kan abu), wato kwatankwacin farin wata na daren sha huɗu a fili. Kowa ya san a farin wata kana ganin mutum yana tahowa, amma ba lalle ka san ko wane ne ba, kuma shi ya sa ka ga benci ba ka shaida fuska ba. Ni dai idan na ga nisa a kwali, raba shi biyu nake yi, wani lokaci uku, kafin in san abin da zai amfane ni. Haka nan lumen ɗin ana auna shi ne daga daƙiƙa 30 bayan an kunna, tsawon lokacin aiki kuma ana ƙirga shi har sai hasken ya faɗo zuwa kashi 10 cikin 100 na farkonsa. Don haka idan aka ce tocila tana yin minti 45, ba a ce tana yin minti 45 da cikakken haskenta ba.

Game da mai lumen 1000 ta kasuwa, ka taɓa jikinta bayan minti ɗaya da kunnawa. Ƙaramar tocilar da take fitar da lumen 1000 na gaskiya zafi take ɗauka nan take, har sai na'urar cikinta ta rage hasken da kanta don kada ƙwan ya lalace. Idan taka tana nan da sanyinta, lambar ta tsaya a kwali ne kawai.

Mai Ɗaukar Hoto:
Malam Mai Kemis, maganar hotuna kuwa daga kyamarar waya take. Tana gyara haske da kanta, idan wuri ya yi duhu ta buɗe ido, idan ya yi haske ta rage, ta kuma gyara launi domin farin bango ya fito fari ko da shuɗin haske aka zuba masa. Ka shiga sashen da ake saita kyamara da hannu, ka kafe ISO, wato ma'aunin yadda kyamara take jin haske, a lamba ɗaya, ka kafe saurin ɗauka, ka kafe ma'aunin fari a kan hasken rana, sannan ka jingina wayar a kan kujera don kada ta motsa. Kowace tocila ka ajiye ta a wuri ɗaya, da cikakken batir, ka ɗauka a daƙiƙa 30, ka sake ɗauka bayan minti biyar. Hoto na biyun ya fi na farkon faɗin gaskiya. Kuma kada ka tsaya ga farin bango kaɗai, ka haska tabarma mai launi ko tulin atamfa, domin a nan bambancin ƙwai yake fitowa.

Ɗalibi daga Zariya:
Ku gafarce ni, iyayena da yayyena, tambaya ce ta mai neman sani. Tunda kowace waya tana da tocila, kuma kullum tana aljihu, mene ne dalilin ƙara wani nauyi a zoben makulli da ƙarin abin da za a riƙa tunanin yi wa caji?

Mai Gyaran Waya:
Ƙanena, ni da nake buɗe wayoyi kullum zan ba ka amsa. Ƙwan da ke bayan waya don ɗaukar hoto aka yi shi, an tsara shi ya watsa haske ko'ina a kusa, ba shi da madubi ko gilashin da zai tattara shi ya tura gaba, shi ya sa bayan 'yan takuna kaɗan ba ya nuna maka komai. Sannan wayoyi nawa aka kawo mini da fasasshen gilashi, mai ita yana cewa yana haska injin janareta ko rijiya ne ta suɓuce? Ga kuma batun tsaro, domin wanda ya ɗaga babbar waya tana haske a lungu da tsakar dare ya nuna wa masu ƙwace inda take. Idan an kwana biyu babu wuta kuma, sauran cajin da ke wayar na kira ne, bai kamata a ƙone shi a neman takalmi ba.

Amma ni abin da nake so a duba ya wuce yawan haske, shi ne launinsa. Farin ƙwan LED a asalinsa shuɗi ne, an shafe shi da wani sinadari mai rawaya wanda yake mayar da wani sashe na shuɗin zuwa wasu launuka, haɗuwarsu ta zama fari a ido. Shuɗin ƙwan nan shi ne ya sa aka ba masana uku 'yan asalin Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, kyautar Nobel ta fiziya a 2014, kuma Nakamura ya yi aikinsa ne a kamfanin Nichia. Idan sinadarin bai cika ba, ja yakan yi ƙaranci a cikin hasken, sai jan waya da mai ruwan ƙasa su yi maka kama da juna, fatar mutum kuma ta yi toka-toka. Ma'aunin da ke nuna wannan shi ne CRI, ƙarshensa 100. Yawancin ƙwai masu tsananin haske suna wajen 70 ne, masu kyau kuma daga 90 zuwa sama. Akwai kuma lambar Kelbin, mai nuna launin farin hasken: 6500 fari ne mai kama da shuɗi, 4000 zuwa 5000 kamar hasken hantsi, 3000 kuma rawaya irin ta tsohon ƙwan lantarki.

Kamfanin RovyVon ya fitar da tocilolinsa na Aurora iri biyu, ɗaya da ƙwai mai yawan lumen, ɗaya kuma da ƙwan Nichia mai ƙarancin lumen amma CRI sama da 90. Ni ta biyun na zaɓa, kuma da za a sake ba ni zaɓi ita zan sake ɗauka. Ranar da na fara haska allon wata waya da ita, na ga wani ɗan koren tsatsa a ƙafar wani sashe, wanda da tsohuwar tocilata nake ganinsa kamar ƙura ce kawai.

Ma'aikaciyar Jinya:
Sannunku da ƙoƙari. Na ga duk maganar ta karkata ga wacce ta fi kai nisa, ni kuwa a aikin dare abin da nake nema shi ne wacce ta fi iya yin ƙasa. Idan na shiga ɗakin masu jego da ƙarfe biyun dare don in duba ko ruwan da aka ɗaura wa wata yana sauka, lumen 90 zai tada ɗakin gaba ɗaya, jarirai su fara kuka, ni kaina idona ya rufe idan na kashe, domin ido yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya gama sabawa da duhu. Tawa Fenix E01 V2 ce, batir AAA ɗaya, matakai uku, lumen 5 da 25 da 100, kuma kusan kullum a kan 5 nake aiki, har wani lokaci nakan rufe rabin bakinta da yatsa. Saboda haka, Malam Mai Kemis, matakin lumen 1 da ke kan TINI 2 ɗinka kada ka raina shi, shi ne za ka fi amfani da shi a gida, wajen duba yaro a cikin gidan sauro ko neman magani a durowa ba tare da ka tashi uwargida ba.

Ina kuma goyon bayan Malam Mai Gyaran Waya a kan launi, da ƙari ɗaya da nake roƙon iyaye mata su riƙe. Idan ana zargin jariri yana da shawara, kada a dogara da tocila kowace iri ce wajen duba idonsa da fatarsa. A fito da shi hasken rana, kusa da taga ko ƙofa, idan kuma an ga rawaya a garzaya asibiti.

Baba Tsohon Direba:
'Ya'yana, Allah ya yi muku albarka, na ƙaru da ku. Ni tocilar makulli ta farko da na riƙe Maglite Solitaire ce, ƙirar Amurka, wadda ta fito a 1988. Ƙwanta na zare ne irin na da, haskenta bai wuce lumen 2 ba, ja-ja kamar na aci-bal-bal, amma da ita na sha ɗaure wayar batir da canza fis a kan hanya cikin dare. Da na ji ana maganar 500 a abin da bai kai babban yatsa biyu ba, sai na yi tasbihi.

Sai dai ina da ja a kan masu caji. Batirinsu a rufe yake a ciki, kuma kowane batirin caji yana tsufa, bayan 'yan shekaru ya daina riƙe wuta, sai tocilar gaba ɗaya ta zama ta yarwa alhali ƙwanta lafiya lau. Kuma idan ta mutu maka a ƙauyen da ba wuta, sai ka jira. Mai AAA kuwa, duk mai tireda a bakin tasha yana da batirinta, ka saya ka saka ka ci gaba da tafiya. Wanda yake yawo a hanya, wannan ita ce tasa.

Mai Gyaran Waya:
Baba, maganarka gaskiya ce a kan tsufan batir, ba ni da ta cewa, kuma zan ƙara da cewa batirin litiyam ba ya son zafi, wanda ya bar makullinsa a gaban mota a rufe cikin ranar Afrilu yana rage masa kwana. Amma a yi mini izini in kawo ɗaya ɓangaren. Yanzu ko a ƙauye da wuya ka rasa mai cajin waya da sola ko ƙaramin janareta, kuma batirin TINI 2 ƙarami ne ƙwarai, 280mAh, ɗan fawa-bank zai cika shi sau da yawa bai ji ba. Kamfanin ya ce a matakin lumen 1 tana kai awa 60. Batirin tireda kuma yawancinsa mai arha ne irin na rediyo, ba ya iya ba da wutar da tocila mai lumen 90 take ja, sai ka ga ta dusashe da wuri ka ɗauka tocilar ce ba ta da kyau.

Baba Tsohon Direba:
Wannan ma haka ne, ɗana. Na taɓa barin batir a cikin wata tocila tsawon damina, da na buɗe sai na tarar ya zubar da wani farin abu kamar kanwa, ya cinye sifirin ɗin, ya maƙale har sai da na huda ƙarshenta. Tun daga ranar nake cire batir idan zan ajiye. Amma duk da haka ina nan kan bakana, tocilar da zan iya canza wa batir da hannuna ita ce hankalina ya kwanta da ita.

Malamin Fiziya:
Akwai hanya a tsakani, Baba. Batirin AAA mai caji, irin NiMH kamar Eneloop, ba kasafai yake zubar da ruwa ba, yana riƙe cajinsa watanni a ajiye, kuma yana ba da wuta daidai har kusan ƙarshe, sannan idan ya mutu a hanya ka saka na tireda kafin ka isa gida. Gargaɗi ɗaya kawai: akwai batirin litiyam mai lamba 10440 wanda girmansa daidai da AAA ne, amma ƙarfinsa bolt 3.7 ne maimakon 1.5. Kada kowa ya saka shi a tocilar da ba a rubuta tana ɗaukarsa ba, zai iya ƙone ta nan take.

Tunda Baba ya ambaci damina, a duba lambar IP ma, wadda take nuna juriyar tocila ga ƙura da ruwa. Lamba ta farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. An rubuta wa i3E IPX8 (X na nufin ba a ba da lambar ƙura ba), wato tana jure nutsewa a ruwa, TINI 2 kuma IP54, wato tana jure ƙura da yayyafi amma ba a yi ta don faɗawa kwata ba. Mai babur da ruwa yake duka da makulli a jikin mashin, wannan lambar ta fi lumen muhimmanci a gare shi.

Manomi daga Maraɗi:
Gaisuwa ga dattawa da malamai. Akwai abu biyu da ban ji an taɓo ba. Na ɗaya, kunama. Ni Nitecore TIKI nake riƙe da ita, babban ƙwanta lumen 300 ne, amma abin da ya sa na saye ta shi ne ɗan ƙwan da ke gefenta mai hasken UV, wato irin hasken da ido ba ya gani sosai. Jikin kunama yana walƙiya kore-kore mai shuɗi a ƙarƙashin wannan haske. Lokacin bazara da muke kwana a waje, kafin a shimfiɗa wa yara tabarma nakan bi gindin katanga da bakin rumbu da shi a kusa, kuma daren farko na ga biyu a cikin tsagar bango, inda farin haske ya wuce bai nuna su ba domin launinsu ɗaya da ƙasa. Hasken ba ya kai nisa, sai ka sunkuya, kuma ba a kallon ƙwan kai tsaye ko a haska shi a idon yaro. Yana kuma fito da alamomin ɓoye da ke jikin takardun kuɗi ranar kasuwa.

Na biyu, hazo. Duk gwajin da aka yi yanzu a sake shi lokacin hunturu. Idan ƙura ta cika iska, tocila mai ƙarfi tana haska ƙurar da ke gaban idonka ne, sai ka ga farin labule maimakon hanya. Abin da nake yi shi ne in rage matakin, in kuma sauke hannuna zuwa ƙugu maimakon in riƙe ta kusa da fuska, sai hasken da ke dawowa ya ragu, ramuka da duwatsu kuma su yi inuwa a gan su.

Mai Kemis:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Daren jiya na sake gwajin kamar yadda Mai Ɗaukar Hoto ya tsara, na kafe kyamara, na rataya sallaya mai ja da kore a igiyar shanya. Yanzu kam hotuna sun rabu. Ta kasuwa a daƙiƙa 30 ma ba ta kai i3E haske ba, jikinta kuma ko ɗumi bai yi ba kamar yadda Malamin Fiziya ya ce, jan sallayar ya koma kamar ruwan hanta a ƙarƙashinta. TINI 2 ta ɗauki ɗumi a hannuna da na riƙe ta a kan 500, da na sake ta ta koma matakin da na bar ta.

A wajen rufe shago kuwa, na lura lumen 90 a kan kwaɗo mai sheƙi daga nisan kamu ɗaya yana dawo mini ido, har sai na karkata tocilar gefe kafin in ga ramin makulli, alhali matakin lumen 15 na TINI 2 ya ishe ni in rufe duka ukun, kuma da shi na karanta ranar lalacewar wani maganin tari da wata baiwar Allah ta zo nema bayan na kashe janareta. Saboda haka TINI 2 ta zauna a makullin shago. Ita i3E na maƙala ta a makullin babur saboda ruwan sama da kuma maganar Baba, na sa batir ɗaya na ajiya a cikin leda a ƙarƙashin sirdi. Na aika a nemo mini AAA mai caji guda biyu, idan sun iso zan kunna i3E da shi da kuma na tireda, in riƙa ɗaukar hoto duk bayan minti goma har su mutu, in turo muku. Malam Mai Gyaran Waya, idan za ka iya, ka haska sallaya irin wannan da Aurora ɗinka daga taku uku, da kyamara a kafe, don mu ga yadda jan zai fito.